Ba wayarka ba ce matsalar, inda ka tsayar da mutum ne

Duk bayan Sallah idan mutum ya zauna yana duba status ɗin jama'a a WhatsApp abu ɗaya ne yake ta maimaituwa. Shadda ta sha bugu, ɗinki ya zauna ɗas, an kafa hula yadda ya kamata, amma fuskar mai kayan babu ita. Idanu sun faɗa rami, ƙasan hanci baƙi ƙirin, goshi sai ƙyalli yake, shi kuma bawan Allah ya ƙanƙance ido ya yamutsa fuska saboda rana na dukansa. Daga nan sai ka ji ana cewa ai wayar ce ba ta da kyamara, a fara lissafin yadda za a sayar a cika kuɗi a sayi wata. Ni dai hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai, 'yan gida da abokai nake ɗauka da waya irin ta kowa, amma a iya abin da na fahimta yawancin hotunan nan ba waya ce ta ɓata su ba, wurin da aka tsayar da mutum ne da lokacin da aka tsayar da shi.

Ka duba lokacin da muke ɗaukar hoton Sallah mana. An sauko daga idi, an dawo gida, an gaggaisa, an ci abinci, kafin a ce kowa ya hallara a tsakar gida 11 ta wuce ana neman 12. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da layin tsakiyar duniya, Sakkwato da Maraɗi da Damagaram duk ba su yi wani nisa da haka ba, don haka rana tsaka a wajenmu da gaske tsaka take, wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta ma saitin tsakar ka take tsayawa har inuwarka ta shige ƙarƙashin ƙafarka. Hasken da ya sauko daga sama a miƙe goshi yake fara samu da karan hanci da saman kumatu, ƙashin gira ya tare shi ya hana shi isa ido, in kuma akwai rawani ko ɗaurin ɗankwali mai tudu a gaba to abin ya ƙaru. Hoton da ba a ganin idon mutum kuwa hoton kaya ne kawai, tela ya kamata a tura wa.

Ga kuma fararen kaya. Kyamara ba ta san shadda ba, lissafi take yi, tana haɗa hasken duk abin da ke gabanta ta nemi mai da shi tsaka-tsaki, ba fari ba ba baƙi ba. To idan farar babbar riga ta cika rabin hoto tana walƙiya cikin rana sai kyamara ta ga haske ya yi yawa ta rage, ragewar nan kuma a kan fuska take ƙarewa. Za ka iya taɓa fuskar a sikirin don wayar ta san ita ce damuwarka, in ka ɗan danne yatsa wayoyi da yawa za su kulle hasken a nan, amma a rana tsaka zaɓi biyu ne kawai, ko fuska ta fito shadda ta ƙone ta zama farin fili babu aiki babu zane, ko shadda ta fito fuska ta ɓace.

Akwai wata magana da ta zauna a kan mutane, wai baƙar fata haske mai yawa take so, don haka a fito da mutum rana ko a danna masa filash. Maganar tana da asali, don shekaru da yawa kayan hoton kansu ba da mu aka auna su ba. Kamfanin Kodak tun wajen shekarun 1950 yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley, da shi ake saita launi, in fatar Baturiyar ta fito daidai to an ɗauka komai ya daidaita. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta rubuta a 2009 cewa cikin abubuwan da suka sa aka gyara fim ɗin da ake sa wa kyamara a lokacin har da ƙorafin masu sayar da cakulan da masu kayan katako, don launin kayansu mai duhu ba ya fitowa a hoton talla. Wato cakulan ta riga mu samun haƙƙinta. Yanzu abin ya canja sosai, kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel ya daɗe yana saita kyamarorinsa da fatar 'yan Afirka kuma hakan na cikin abin da ya ba shi kasuwa a nan, Google ma ya fito da nasa gyaran a wayarsa Pixel 6 a 2021. Don haka uzurin kayan aiki ya ragu, abin da ya rage shi ne mu.

Kuma gaskiyar magana baƙar fata ba yawan haske take nema ba, faɗin haske take nema. Fatar tana da sheƙi, tana maido da siffar abin da ya haska ta. In abin ƙarami ne mai ƙarfi irin filash ɗin waya ko rana tsaka, sai ya zauna a goshi da hanci a matsayin ɗigo fari mai ƙyalli, mutum ya fito kamar ya shafa man gyaɗa alhali yanzu ya yi wanka. In kuwa hasken mai faɗi ne, sai sheƙin ya bazu a hankali daga kunci zuwa haɓa, a nan ne ake ganin ainihin launin mutum, mai wankan tarwaɗa ya fito a mai wankan tarwaɗa, baƙi ya fito da baƙinsa mai kyau ba toka-toka ba. Wani zai ce ai rana ta fi komai girma, eh haka ne amma nisanta ya mai da ita ɗan ɗigo a sama, abin da ake dubawa shi ne girman hasken daga inda fuskar take. Shi ya sa ranar da gajimare ya rufe sama kowa yake kyau a hoto, gaba ɗaya sama ta zama fitila ɗaya.

To tunda gajimare ba a hannunmu yake ba, ni situdiyon da na fi yarda da shi shi ne bakin zaure. Ko soro, ko ƙofar falo, ko garejin mota da aka buɗe, ko ma bakin shago, duk inda dai akwai rufi a sama da buɗaɗɗiyar ƙofa a gefe ɗaya. Rufin ya kashe hasken saman nan mai jefa ido rami, abin da ya rage sai wanda ke shigowa ta ƙofa a kwance, wanda ya riga ya daki ƙasa da bangon maƙwabta ya yi laushi kafin ya iso. Ka tsayar da mutum taku ɗaya ko biyu daga bakin ƙofa ta ciki, inda ranar ba ta taɓa shi kai tsaye, kai kuma ka tsaya a waje ko a bakin ƙofar ka ba wa hasken hanya kada inuwarka ta faɗa masa. Abu na farko da za ka lura shi ne ido ya buɗe, har za ka ga siffar ƙofar 'yar ƙarama tana ƙyalli a ƙwayar idonsa, wannan ɗan ƙyallin shi ke sa a ji kamar mutum na kallonka da rai. Na biyu kuma bayansa ya yi duhu da kansa, tarkacen cikin zauren, babur ne, buhu ne, takalman yara ne, duk sun nutse ba sai ka kwashe ba. Dalili kuwa haske yana mutuwa da sauri in ana nisa da inda ya fito, in fitila ce ka ninka nisanka da ita sau biyu kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai zai iso ka, ba rabi ba. Don haka taku ɗaya gaba ko baya a bakin ƙofa yana canja hoto fiye da duk wani abin da za ka latsa a waya.

Daga nan kuma sai maganar juyi, kuma a nan ne yanayin hoto yake. In mutum ya fuskanci ƙofar sosai, haske ya wanke fuskar duka, babu inuwa, hoton zai fito a sake, fara'a, irin wanda ya dace da yara ko amarya da ta sha kwalliya ana so komai ya fito sumul. In ka ce ya ɗan juya har ƙofar ta koma gefensa, sai rabin fuska ya fara shiga inuwa, hoton ya yi nauyi, ya yi natsuwa. Akwai wani matsayi a tsakani da masu hoto ke ji da shi, hasken ya zo daga gefe kuma ɗan sama kaɗan, inuwar hanci ta gangaro ta haɗe da ta kunci, sai ya bar wani ɗan haske mai kusurwa uku a ƙasan idon da ke ɓangaren duhu. Sunan Rembrandt aka sa masa, wani mai zane ɗan ƙasar Holan da ya rayu daga 1606 zuwa 1669 wanda zanen fuskokinsa suka yi suna da irin wannan haske. Ba sai ka haddace sunan ba, kawai ka riƙa juya mutum a hankali kana kallon kuncinsa na nesa, za ka ga lokacin da abin ya zauna.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma fuskar da aka wanke da haske ta ko'ina ba ta da abin faɗa. Dattijo musamman. Layukan goshi, furfurar gemu, zanen gado a kunci ga masu shi, ramin da shekaru suka yi a gefen baki, duk hasken gefe ne ke fito da su, na gaba shafe su yake. Ni a ganina ɓarna ce a ɗauki tsoho ɗan shekara 80 a goge masa fuska ta koma ta saurayi, jikokinsa ba wannan fuskar suka sani ba. Amma fa a yi hankali da iyaye mata, ba kowace Hajiya ke son a ƙirga mata layukan fuska ba, kuma tana da gaskiyarta, ita sai a matso da ita kusa da ƙofa a juyo da ita wajen haske, in inuwar gefen ta yi yawa a sa yaro ya riƙe farin zani ko farin kwali a ɓangaren duhun, zai maido da haske ya tausasa ta. Farantin silba ma yana yi amma shi da ƙarfi yake maidowa, yana iya kashe ido.

Sannan don Allah a daina takura wa manya da a yi murmushi a yi murmushi. Dattijon da ya zauna ya haɗa hannu ya kalli kyamara da kamalarsa ba fushi yake ba, haka yake so a gan shi. Abin da ya rage naka shi ne lallaɓawa, “Kawu, don Allah a ɗan matso bakin ƙofa, a ɗan ɗago haɓa kaɗan, yauwa haka,” shikenan, kuma ka durƙusa kyamara ta zo daidai idonsa, ba ka tsaya a kansa kana ɗaukarsa daga sama ba, ko a ladabce ma bai dace ba balle a hoto. Wanda yake son ya ga inda wannan salon ya kai ya nemi hotunan Seydou Keita na Bamako. Ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, kuma mafi yawan aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken rana, ya rataya zani mai zane a baya, da farko ma zanin gadonsa ne, sau ɗaya yake ɗaukar mutum saboda tsadar kayan aiki. Yawancin mutanen ciki ba sa dariya amma ka kalli yadda fatarsu ta fito da yadda suka cika hoton, yau ana rataye su a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Ba shi da ko ɗaya cikin abin da wayar aljihunka ke da shi.

Hasken yamma kowa ya san yana da kyau, la'asar sakaliya rana ta yi ja ta kwanta, abin da ba a cika faɗa ba shi ne a wajenmu gajere ne. Turawa na kiransa awar zinare don a ƙasashensu rana a karkace take sauka tana jan ƙafa, mu kuwa kusan a miƙe take faɗawa, tana cin wajen digiri 15 a awa, don haka daga lokacin da ta yi laushin da ake so zuwa faɗuwarta da ƙyar ya wuce rabin awa, bayan ta faɗi kuma minti 20 da 'yan kai duhu ya fara shiga ga kiran magariba. In kana jiran wata ta gama ɗaurin ɗankwali to ka haƙura sai gobe. A wannan lokacin abin da na fi so shi ne a sa rana a bayan mutum ta ɗan gefe, ba a gabansa ba. Gefen mayafi ko gyale ya kama haske ya yi zobe, ƙurar da ke tashi a layi ta yi ruwan zinare, fuska kuma tana cikin inuwa mai laushi babu ƙanƙance ido. Sai dai dole ka taɓa fuskar a sikirin, in ba haka ba waya za ta bi sama ta bar maka mutum baƙi wuluk, kuma ka goge gilashin kyamarar da gefen riga tukun, maiƙon yatsa da rana a gaba hazo suke haɗawa.

Hunturu kuma nasa daban. Ƙurar da iska ke kwasowa, wadda da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, tana tace rana har ka kalle ta da ido, a irin ranakun ko da hantsi za ka ɗauki hoto a fili babu inuwa mai kaifi. Amma launi yana mutuwa, komai ya yi fari-fari, fata ta bushe, leɓe ya tsage, hoton yana fitowa da wani irin kaɗaici wanda in shi kake nema to ka samu, in kuma hoton biki ne sai an shafa mai an sa kaya masu launi. Ni na fi son bayan an ɗauke ruwa da damina, iska ta wanku, hadari bai gama washewa ba.

Inuwar darbejiya tarko ce. Da ido za ka ga inuwa ce mai daɗi, a hoto sai ka tarar rana ta ɓullo ta tsakanin ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare, ga kuma kore-kore da ganyen ke zubawa a fata. Haka rumfar biki mai launi, ja ko shuɗi ko ruwan ɗorawa, duk wanda ya zauna a ƙarƙashinta launinta zai ɗauka kuma babu editin da zai cire shi tas. Haske yana kwasar launin duk abin da ya daka, shi ya sa bangon ƙasa da jar ƙasa suke yi wa fatarmu kyau, ɗumi suke ƙara mata, bango mai shuɗin fenti ko kore kuwa sai ya sa mutum kamar bai da lafiya.

Da dare abin ya fi wuya. Ba na cewa filash haramun ne, Malick Sidibe, shi ma mai ɗaukar hoto a Bamako, da filash ya bi gidajen rawar matasa a shekarun 1960 kuma hasken nan mai duka shi ya ba hotunan zafinsu, ana jin hayaniyar wurin. Amma shi abin da yake nema kenan. Kai da kake son hoton ƙanwarka ranar kamu ta fito a natse, filash ɗin waya da ke manne da kyamara zai daki hodar fuskarta ta yi fari fat wuya kuma ya tsaya a launinsa. Gara ka kashe shi, ka karɓi wayar wani ka kunna tocila, a riƙe ta a gefe sama da ido kaɗan, a sa farar takarda ko farin hankici a gabanta ko a haska farin bango ya dawo mata. Kada dai a riƙe ta a ƙasan haɓa, hasken ƙasa na fim ɗin aljanu ne. Fitilar nan mai zagaye ta 'yan TikTok tana da amfaninta, tana shafe komai ta bar zobe a ido, amma duk wanda ya zauna gabanta kamanninsu ɗaya, in kana da ita gwada matsar da ita gefe ka gani.

Wani abin da ke ɓata hoton dare shi ne haɗa fitilu masu launi daban. Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin, kyandir bai kai 2000 ba, ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa wajen 2700, hasken rana wajen 5500, fararen fitilun caji da ƙwayayen da suka cika kasuwa yanzu da yawansu 6500 ne, har shuɗi-shuɗi suke. Idonmu yana daidaita su ba mu ma lura, kyamara kuwa ɗaya kawai za ta iya bi, in kunci ɗaya na shan ja ɗaya na shan shuɗi to dole ɗaya ya lalace. Kashe ɗaya kawai. In kuma ka ga wasu layuka baƙaƙe na yawo a sikirin, ƙwan ne ke ƙiftawa da bugun wutar lantarki, tamu mai 50 ce a daƙiƙa, ƙananan ƙwayaye masu araha sun fi yi, ka canja wuri ko ka koma fitilar batir. Kuma kada a raina teburin mai shayi da wutar mai tsire, ƙwai ɗaya rataye a gefe, hayaƙi na tashi, bayan duk duhu, hotunan abokai da suka fi yi mini kyau a irin wuraren nan ne, sai dai a nemi izinin mai wurin da na mutanen da za su shiga ciki, ba kowa ke son a ɗauke shi yana cin abinci ba.

Abin haushin shi ne bayan ka gama wahalar samo inuwa mai kyau, wayar da kanta za ta nemi goge ta. Wayoyin yanzu hotuna da yawa suke ɗauka a latsawa ɗaya su haɗe, duk inda suka ga duhu su ɗaga shi, ga kuma filtar gyaran fuska da wasu ke zuwa da ita a kunne tun daga kwali, tana goge fata tana ƙara mata fari ba tare da an tambaye ka ba. Shiga saitin kyamara ka kashe ta ko ka mai da ita sifili, in wayarka na bari a kashe HDR, wato haɗa hotunan nan da ke ɗaga duhu, kashe shi a hoton bakin ƙofa, sannan bayan ka taɓa fuska ka ja ɗan alamar ranar nan ƙasa kaɗan har sai launin da ke sikirin ya yi daidai da na mutumin da ke tsaye gabanka. Wajen turawa kuma in ta WhatsApp ne zaɓi HD ko ka tura shi a matsayin fayil, don matsewar da yake yi wa hoto wuraren duhun take fara lalatawa.